Rage Kaya

Ƙarfe ɗayan dare a Samaru.
Janareton maƙwabta ya yi tari ya mutu.
Saura ni, da fitilar caji, da shayin da ya huce,
da wata 'yar na'ura da ba ta cika tafin hannu ba.

Aikinta ɗaya ne tak a duniya:
ta zauna a gonar Baba Dogara, can bakin Galma,
in ƙasa ta ji ƙishi ta tayar da famfo,
in ta ƙoshi ta kashe.
Ba ta da allo. Ba mai kallonta
sai ƙadangare.

To me ya kawo tagogi cikinta?

Awa huɗu cur ina toya mata manhaja,
ta fito da teɓa, megabait ɗari tara,
katin ajiya ya ce shi kam ba da shi ba.
Na buɗe jerin kayan ina karantawa:
salon haruffa saba'in, har da masu lanƙwasa,
kibiyar linzami, da inuwar kibiyar,
launuka miliyan goma sha shida,
duk don akwatin da zai kwana cikin tumatir.

Na goge babban cikinsu. Na sake toyawa.
Kafin kiran assalatu ya dawo,
har ya shimfiɗa tabarma.

Wa ya gayyace ka?
Ya nuna wani. Wancan ya nuna na bayansa.
Sai ka ce walimar suna a Tudun Wada:
ka kira mutum guda, ya taho da ƙaninsa,
ƙanin ya jawo abokin ɗaki,
abokin ya ce mai babur ma ya shigo ya ci.

Sahura ce ta faɗa mini a ɗakin gwaji,
tana ɓare gyaɗa, ko kai ba ta ɗago ba:
"Ganye kake ta sara.
Bi yaɗon kabewar har ka tarar da gindi."

Na bi.
Layi na miƙa ni ga layi,
kwana biyu, idona ya yi ja kamar gauta.
Ashe wani ɗan ƙunshi ne mai aika saƙo,
wanda ni na ɗauko da hannuna tun watan jiya.
Shi ya ce yana son sanarwa mai hoto,
hoto ya ce sai da taga,
taga ta ce sai da bango,
bango ya aika a kira magina.
Ba ma larura ba ce. Kwaɗayi ne kawai.

Na sa alamar ragi gaban kalma ɗaya.
Gidan ya watse, kowa ya nemi takalminsa.

Daɗi ya ɗebe ni, wuƙa ta zarce.
Na hango wani mai suna irin na masu zane,
na ce kai ma bi su.
Na kunna. Shiru.
Jar fitila ta ƙura mini ido.
Ashe shi ke matse bayanai kafin su tashi.
Na dawo da shi, na ba shi haƙuri a zuci,
Sahura ta yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ta.

Yanzu ɗari da arba'in ce.
Kafin ka gama amsa sallama ta farka.

Ranar Laraba na saka ta a leda,
Keke Napep ya ratsa da mu Kwangila,
muka sauka Dakace, sauran da ƙafa.
Baba Dogara ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashi,
ya ƙwanƙwasa ta da farce.
"Yaro, ta ina ake kallo?"

Ban amsa ba, ina ɗaure waya.
Famfo ya yi gyaran murya.
Ruwa ya kama hanya, kunya bayan kunya,
yana tura busasshen ganye a gabansa.

Baba ya miƙo mini akwatin ba tare da ya dube shi ba.
Can yake kallo.