Zaren Kawu Mati

Zarenka na rataye bayan ƙofa, Kawu Mati,
har yau da warin gumi da kitsen mahauta.
Inna ta ce a jefar. Na ce tukuna.

Kai ka fara ɗaure min hannu ina ɗan shekara goma,
a kangon Ƙofar Marusa, bayan La'asar.
Ka ja zare har yatsuna suka yi sanyi,
ka ce, "Mashi kowa na da shi, yaro,
garkuwa ake koya."
Wata uku ba naushi ko ɗaya,
sai tarewa, sai sauya ƙafa.
Na yi fushi na kai ƙara gida.
Ka aiko min tsire a takarda, ba ka ce uffan ba.

Ranar kisana na farko ina ta tsalle,
ka kama kunnena gaban masu kalangu:
"Je ka ɗaga shi. Shi ma ɗan wata ne."

An ce gwiwarka ba ta taɓa ƙasa a fage ba.
Ni na ga ta taɓa, a asibiti, kana laluben takalmi.
Ka ɗago kana dariya: "Ciwo ya ci wannan turmin."

Da hantsi muka kai ka Ɗanmarna.
Wanda ka karya wa haƙori a Daura
shi ya riƙe gaban makara, ya ƙi a karɓe shi.

Yanzu yara huɗu ke zuwa kangon.
Jiya ƙaraminsu ya ce yaushe zai fara duka,
na buɗe baki, sai muryarka ta fito.
Allah Ya haskaka makwancinka, Kawu.
Zaren dai ban jefar ba.