Ranar da Aka Yi wa Gidanmu Kuɗi

Kwana arba'in da rufe Baba
Ɗanliti dillali ya iso daga Taura,
babur na tari, igiyar awo a aljihu,
littafi mai maiƙon ƙosai a hammata.
Liman na biye da shi, da Kawu Ilu.
An zo yi wa gida kuɗi, a raba gado.

Ya taka gabas, ya taka yamma, ya rubuta.
Ya ƙwanƙwasa bulon ɗakin Yaya Tasi'u,
ya ce, "Yawwa, ga kuɗi a tsaye."
Ɗakin nan kuwa mu muka san shi:
in bazara ta kama, kwano na ƙuna kamar tanda,
mai ɗakin ma a tsakar gida yake shimfiɗa.

Sai soron Baba.
Kaurin katanga kamu biyu,
azarar da ya ɗauko daga kasuwar Gujungu,
kuɗin riɗin kaka biyu ya shige cikin yaɓe.
Ya huda taga nan, ya huda wata can, suna kallon juna,
wai don iska ta shigo ta gaishe mu ta wuce.
Ɗanliti ya ce, "Ƙasa ce. Mai saye rushewa zai yi."
Yana faɗa yana zaune a ciki,
ya cire hula, gumin wuyansa ya bushe,
bai ko lura ba.

Na nuna masa farantan sola biyu a kan rufi,
su suka sallami fitilar ƙwai daga gidan nan,
janareton da ke shan mai kamar raƙumi
ya koma wurin da kaza ke saka ƙwai.
Ya ce, "Batirin ya shekara nawa? Uku?
Kayan cirewa ne, a lissafa su da tukwane."
Sannan ya laluba aljihu:
"Wayata ta mutu, ina zan ɗan sa caji?"

Murhun Inna na laka, mai baki ɗaya,
ƙirare uku su dafa tuwon mutum tara,
idonta ya daina ruwa, tarin dare ya ƙyale ta.
Ya tsallake shi kamar kwata.
Darbejiyar da ke tare mana ranar la'asar
ya dube ta sama da ƙasa: "Dubu takwas, in an sare."

Na ɗauko takardar Baba ta ajami,
inda yake rubuta kananzir, fetur, itace, wata bi wata.
Lambobin na ramewa shafi bayan shafi
kamar kogi da rani.
Na ce, "Wannan fa, ba kuɗi ba ne?"
Ya daɗe yana dubawa, Allah ya sani bai yi musu ba.
Ya ce, "Lantana, abin da kasuwa za ta biya nake rubutawa.
Kasuwa ido gare ta, ba ta da fata,
ba ta san sanyin ɗaki ba."

Liman ya buga lissafi, namiji biyu, mace ɗaya.
Bulo ya yi tsada, ya tafi wajen maza.
Soro ya yi arha,
arhar da ta dace daidai da rabona,
da faranti, da murhu, da inuwar da ba a sare ba.
Na sunkuyar da kai, kada a ga bakina.

Yanzu ga bazara ta dawo.
'Ya'yan Yaya huɗu na barci a ƙasan azarata,
wayoyi bakwai na shan ranar da na tara.
Jiya da yamma na ji tarin babur a ƙofa.
Ba igiya, ba littafi.
Ya gaisa, ya yi jim, ya ce,
"Maginin nan da ya huda wa Baba tagogi,
yana nan da rai kuwa?"