Laraba a Silimar Kan Tudu

Kin tambaye ni, Ximena, me za ki kalla.
Zauna tukuna. Ruwan bai ɗauke ba,
taragon hawa tudu kuma ya sake lalacewa,
ba inda za ki kafin tara.

Shekara talatin da ɗaya ina yanka tikiti
a wannan tagar mai fuskantar tashar jiragen Valparaíso.
Finafinan da na gani sun fi furfurata yawa,
ko da yake rabinsu daga bakin ƙofa na gan su,
a tsaye, da canjin wani a tafin hannu.

Na bana? Uku na kalla.
A na farko an rushe birni guda
kafin in kwance ƙullin gyaɗata,
kuma ba wanda ya tsaya neman takalmin ɗansa.
Wuta ko'ina, ƙara ko'ina.
Ganga in ta cika zaƙi, kin san ƙarshenta.
Riƙe kuɗinki.

Na biyu kyakkyawa ne kamar tallar sabulu.
Kowa haƙoransa fari tas,
kowa ya san abin da ke cin ransa
yana kuma faɗa da bakinsa, har sau biyu,
wai don kada mu ɓata a hanya.
Ni ban yarda da baƙin cikin da ya iya magana haka ba.

Na uku, to, nan dole in sassauta.
Wata mai wanke kwanuka a jirgin kamun kifi,
awa biyu maganarta ba ta cika cokali ba,
sai ninke wata riga take, wadda ba tata ba.
Je ki gani. Tafi da hankici.
Kada ki tafi da saurayin nan naki,
zai yi ta latsa waya.

Amma Laraba, Ximena, Laraba nan za ki zo.
Ranar muke fito da tsofaffin, masu baƙi da fari,
inda dare ke da nauyi kamar bargon da ya sha ruwa.
Ga mai bincike, hula ta rufe masa ido ɗaya,
bashin haya a wuyansa,
inuwar taga ta zana masa sandunan kurkuku a fuska
tun bai aikata komai ba.
Sai mace ta shigo, hayaƙin tabarta ya riga ta sallama,
ta ce mijinta ya ɓata.
Ƙarya take. Ya sani, mun sani,
duk da haka muka tashi muka bi ta.

Can ba a ba da haske kyauta.
Fitila ɗaya a bakin titi,
sauran duhun ke za ki cika shi da naki tsoron.

Eleodoro ne ya koya mini kallonsu.
Shi ke juya na'ura a ɗakin sama.
Yakan ce, kalli hannu, Fresia, rabu da baki,
baki ɗan haya ne.
Na kuwa ɗauki karatun.
Wata Laraba na ga hannunsa na rawa
yana ɗaure igiyar takalmi,
bakin yana cewa, yanzu zan dawo.
Ana tsakiyar fim majigi ya yi fari fat.
Akwatin kuɗi wayam,
jirgin Callao yana kuka a bakin teku.

Ban bi shi ba.
Na hau sama na ɗora faifan ƙarshe da kaina,
a karkace, amma ya tafi,
don mutum goma sha huɗu sun biya kuɗinsu,
hakkinsu ne su san wanda ya yi kisan.

Ungo tikiti, bar kuɗin.
Layi na shida, kujerar gefe,
ta tsakiya ƙusarta ta fito.
In matar ta shigo, kada ki saurari abin da take faɗa.
Ki ga yadda take riƙe da jaka.