Shaidar Dawowa

Takarda ɗaya ce, layi bakwai.
A tsaye na karanta ta a ƙarƙashin gadar Ikeja,
yaran danfo na ta kiran Oshodi a kunnena.
Wai ba su gamsu ba
cewa in na je zan dawo.

Ni Mudi mai albasa,
da ko Aliero na je ɗauko kaya
kwana uku ke isa ta, in ji Mile 12 na kira na.

Zuwaira ta bugo da tsakar dare,
ta tashi daga aiki, rigar asibiti a jikinta.
"Me suka ce?"
Na ce, "Sun gano ina son ki da yawa."
Ta yi dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya,
muka ɗora wa sabis laifi.

Shekara biyu da wata biyar
matata na zaune a cikin gilashin waya.
Na san launin labulenta a Leeds,
na san tukunyar da hannunta ya karye,
ban san ƙamshin ɗakin ba.

Wani mai ƙwat a Allen ya ja ni gefe:
dubu ɗari huɗu, ya zuba min miliyoyi a asusu na kwana goma,
ya haɗa min da takardar gida a Lekki.
Na ce ramin ƙarya ƙurarre ne.
Ya ce, "To Alhaji, je ka cike da gaskiya mu gani."

Sai na zauna lissafin abin da ya ɗaure ni a Legas.
Inna tana Agege, ba ta haɗiyar maganin hawan jini
sai daga tafin hannuna.
Wannan ba shi da hatimi.
Buhu arba'in nake bin Iya Risi,
da baki muka ƙulla, fom ba shi da gurbin baki.
Ga adashin Laraba, kwasata sai watan gobe.
Ga Isiya, yaron rumfa, har yau canji na ruɗa shi.
Ga Baba kwance a maƙabarta,
wa zai cire masa ciyawa bayan damina?

Wata shida ina koya wa rayuwata rubutu.
Kowace naira ta bi ta banki kafin ta shiga aljihu,
ƙungiyar 'yan albasa ta buga min tambari,
likitan Inna ya sa hannu.
Zuwaira ta rubuto: kwana ashirin da ɗaya,
ci da kwana duk a wuyanta.
Muka buga hirarmu ta waya, shafi sittin,
har da faɗan da muka yi kan kuɗin haya,
don wani da bai san mu ba ya karanta
ya yarda aure ne.

Na sake biya.
Na sake bin layi da asuba, ruwa na dukan fayil,
na dangwala yatsu goma a kan na'ura,
mai ɗauka ta ɗan kau da hanci.
Albasa ce, 'yar'uwa, ita ma shaida ce.

Ranar da fasfo ya dawo
ban buɗe ba sai da na shiga rumfa,
na zauna a kan buhu, na yi bisimilla.
Ga fuskata a shafi na tara, ba fara'a, kamar mai bin bashi.
Zuwaira ta yi shiru, ta ja hanci,
ta ce, "Ka taho da kuka da daddawa."

Da daddare na kai wa Inna labari.
Ba ta nemi takarda ba.
Ta zazzage ƙwayoyinta a kan faifai,
ta ware ashirin da ɗaya, ta ƙulle a bakin zani.
Ta ce, "Na ƙirga.
Ta ashirin da biyu daga hannunka zan sha."