Hannu Ɗan Aike Ne

Shekara goma sha ɗaya ina dakon dankali a Farin Gada,
buhu a wuya, buhu a kafaɗa,
har na ɗauka ƙarfi a damtse yake kwana.
Ran da bayana ya ce ƙas a gindin wata tirela,
likita ya rubuta mini ƙwaya iri biyu
da sunan wata mata.

Kachollom.
Wurinta tsohon sito ne a Tudun Wada,
bangon ya sha duka har siminti ya loɓa.
Ta mirgino mini ƙwallo da ƙafa.
Wannan ba ta tsalle, yashi ne a cikinta,
kilo biyar, baƙa, ɗinkin gefe ya fara yage baki.
Na yi murmushi. Ni da nake saɓa ɗari?

Na jefa da iyakar ƙwanjina.
Ta faɗi tim, taku huɗu, kamar kabewa.
Sai Talatuwa, yarinya siririya kamar sillen kara,
ta ɗauka, ta juya ƙugu,
bango ya amsa har kwanon rufi ya yi tari.

"Malam Sallau, hannu ɗan aike ne.
Ka taɓa ganin ɗan aike ya rubuta wasiƙa?
Daga ƙasa saƙon yake tasowa.
Kafa diddige. Sassauta gwiwa.
Ɗaure ciki kamar ka hango naushi tafe.
Numfashi kuma ba a rowarsa,
sake shi tare da ita."

Mako uku ina shan kunya da sassafe,
sanyin Jos na cizon kunne, yayyafi na kaɗa kwano.
Kafaɗa ta saba shiga gaba,
ƙugu ya saba zama ɗan kallo.

Wata Laraba, ban san me ya sauya ba.
Diddigen dama ya murɗa,
abin ya hau cinya, ya zaga ƙugu,
ya ratsa ta ƙasan cibiya,
hannu bai yi komai ba sai buɗe yatsu.
Dum!
Ko haki ban yi ba, kuma nan ne haushin:
ashe bashin da ba wanda ke bi na nake ta biya.

Sai na tuna Inna a bakin turmi tana surfen acca,
taɓarya na tashi, hannunta a sake,
tsakiyarta ce ke lilo,
ta yini ba ta ce wash ba.
A tsakar gidanmu ake ba da karatun nan kyauta,
ni ina waje ina auna damtse da zare.

Jiya na koma kasuwa.
Na tsuguna gaban buhu, na ɗaure ciki, na tashi da ƙafafu.
Yaran dako suka ce tsufa ya kama Sallau,
sai ya gaida buhu yake ɗauka.
Na ƙyale su.
Nasu bayan bai yi magana ba tukuna.