Goma ga Wata a Bagalam

Azumi ya kai goma, na ɗauko tsohon kaye
da Mushe Nomau ya bar mini da zai koma Tibiri.
Sunayen gidaje a gaba, na yara a baya.
Wasunsu yanzu sun yi gemun gaske,
sun wuce audugar da muke liƙa musu da ƙaro.

Bayan asham suka cika ƙofar shagona.
Zuwaira da ƙwarya da 'yan sanduna biyu,
Sa'adu da gwangwanin tumatir mai tsakuwa uku.
Ƙanen Jaharu, wanda ko lakwal bai shiga ba,
ya ce shi ne kura, ko a fasa tashen.
Muka sa masa buhu da wutsiyar igiya.

Na ce ku bi ta lungun mai ƙuli-ƙuli,
ban da bakin kwalta, 'yan kabu-kabu ba su da ido.
Wanda ya ba da dala, ku gode kamar jika ce.
Gero a buhu, kuɗi a hannun Barira,
ita ce ba ta sayen alewa da amana.

Aka ɗauke kuran.
Kurarmu ta ce ba da ita ake ba.
Farin wata ya ishe mu.

Sai ga gidan Baba Mantau.
Kwana ashirin da rasuwar Kuluwa,
mai fitowa da kunun tsamiya a bokiti,
tana kushe muryarsu, tana cika musu moɗa.
Na ɗaga hannu: a wuce shiru.
Sa'adu ya rungume gwangwani kada tsakuwa ta yi magana.

Tabarmar ƙofa ta motsa.
"Wa ya ce a tsallake ni?
Ta sayi tsamiyarku tun kafin ta kwanta,
ga ta can a rataye.
Ku yi ko babu daɗi.
Da ma ba ta taɓa cewa kun iya ba."

Suka fara a hankali
kamar masu taka sabon daɓe.
Ƙwarya ta amsa.
Kura ta manta da kukanta,
ta tsaya kallon tsoho
yana motsa baki, murya ba ta fita.

Dala biyar ya ba su, da ƙullin tsamiyar.

Da dare ya raba na koma shago,
na haska kaye daidai sunan gidan
inda na ja layi tun da rana.
Jan bik ba ya gogewa.
Na sake rubuta shi a ƙasa
da manyan baƙaƙe.