Yatsa Biyu

Ran Laraba na je, bayan la'asar.
Daga Zango ɗan kabu-kabu ya ɗauko ni,
ya sauke ni inda dutse ya jingina da dutse
kamar tsofaffi biyu masu raɗa.

Mai gadi, Malam Kalla, yana ɓarar gyaɗa.
Ya ce, "Majalisa ta tashi tun ba ka yi haƙori ba.
Me ka zo nema?"
Na ce, "Zauren kawai."
Ya share hannu a riga,
ya lalubo makulli mai tsawon ludayi.

Ciki sanyi ne irin na gindin randa.
Kujeru talatin da ɗaya, guda ba ƙafa,
sun kewaye teburi suna jiran a buɗe taro.
Fanka ta ƙage a sama, jemagu sun gaje ta.
A nan, in ji shi, wakilai suka tsufa
suna musu kan ruwa,
rijiyar wa za a yashe, unguwar wa za ta jira,
har wani ɗan Mirriya ya yi jifa da takalmi.
"Ni na tsinto masa shi," in ji Kalla,
"ƙafar hagu, ya sha faci."

Na yi dariya don ya ji daɗi.
Sannan na ce, "Ina tsagar?"

Ya dube ni tsawon tafasar shayi.
Ya ja ni bayan ginshiƙi na uku,
ya ɗora ɗan yatsa.
Ga ta nan, 'yar siririya,
an shafe ta da farar ƙasa sau nawa,
ta ƙi ɓata.

Kafin wakilai, kafin tuta,
lokacin babban yaƙin Nasara,
nan ake jera samari ba takalmi,
ƙeya da duga-dugai a jikin ginshiƙi.
Wanda kansa ya kai tsaga
sai bargo, sai jar dara, sai lamba.
Wanda bai kai ba ya koma ga hauyarsa.

Kakana Ma'azu da wansa Mato
daga ƙwarya ɗaya suka sha fura da safen nan.
Mato ya zarce.
Ma'azu ya gaza da yatsa biyu.

Takarda ɗaya ta zo daga bayan teku,
da rubutun wani:
sanyi yana cin ƙashi,
a kula masa da tinkiyar nan mai baƙin kunne.
Ta biyu har yau tana hanya.

Kaka Cima takan ce, in ya fita masallaci,
gwiwa ya lanƙwasa cikin buje.
Shi kuwa har ya koma ga Allah
cewa yake gajere aka halicce shi,
kuma kullum a duƙe yake tafiya
kamar mai neman allura.
Ranar da aka auna masa likkafani
sai da aka ƙaro ƙyalle.

Na tuɓe takalmi.
Ƙasa ta yi sanyi.
Na manna ƙeya inda ƙeyoyi suka yi santsi.
Kalla ya shimfiɗa tafi bisa kaina,
ya leƙa, ya ce, "Ka wuce.
Da an tafi da kai."

Ban ce komai ba.
Amma na ji gwiwoyina,
ba tare da sun shawarce ni ba,
suna neman sauka.

Ban san wa zan yi wa addu'a da fari ba,
wanda ya miƙe ko wanda ya duƙa.
Na haɗa su a Fatiha ɗaya,
yadda suka haɗa ƙwarya.

A waje mata sun yi layi da jarkoki,
famfo yana tari, bai ba da komai ba.
Na miƙa wa Kalla kuɗin goro, ya ƙi.
Ya zuba mini gyaɗa a aljihu,
ya ce in gaida mutan gida,
dogaye da gajeru.